Motar da Ba Ta Jin Ƙafa: Gyaran Maƙogwaron Totur a Garwa

Direbobin Hiace da ke jigila daga Garwa zuwa Pitowa, ko Gidar, ko Ngong, suna da wani koke da kowane makanike ya haddace: mota ba ta jin ƙafa. Direba zai fito daga bayan tirelar auduga ya wuce, ya taka totur, injin ya yi jim, sannan ya ɗauka. Jinkirin bai wuce rabin daƙiƙa ba. Amma ga wanda ya cika mota da fasinja, ya ɗaure buhunan albasa a bisa, ga wata motar tana tahowa ta gaba, rabin daƙiƙar nan tana da tsawo. A tasha ba zai rasa mai ba shi shawara ba: "Maigida, kai ta a buɗe mata maƙogwaro, iska ce ba ta isar ta." Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai wanda ya fara da faɗaɗa rami ya kama aikin ta wutsiya.

Da farko a ɗaga kujerar gaba a ga irin injin da ke ƙasa, domin da yawa daga masu wannan koke ba su da abin faɗaɗawa. Hiace ɗin da Toyota ta ƙera tsakanin 1989 da 2004, waɗanda har yau suke cika tashoshin arewacin Kamaru, da damansu na dizal ne, masu injin 3L ko 5L. Shi injin dizal kullum yana zuƙar iska iya cikinsa, ƙafar direba kuwa mai take ƙarawa ko ragewa a famfon nozul. Sababbin na dizal irin 2KD da 1KD suna da wani faifai a hanyar iska, amma aikinsa taimaka wa mayar da hayaƙi cikin injin, da kashe injin ba tare da jijjiga ba. Ko an faɗaɗa shi ba abin da zai ƙaru. Mai dizal ya duba matatar mai, da famfo, da nozul, da tabo idan akwai. Bayanin nan na masu fetur ne, su ma kashi uku: masu kafireta irin 1RZ da 2RZ, masu nozul da kebur irin 2RZ-E, da masu injin 2TR-FE mai lita 2.7 da ya zo da sabon jiki tun daga 2004, wanda 'yan Najeriya ke ce wa Homa. Wannan na ƙarshe ba shi da kebur, wayar lantarki ce ke kai saƙon ƙafa.

Shi kansa maƙogwaron, wanda makanikan Garwa ke kira papiyon, guntun bututu ne na alminiyom da ke zaune tsakanin iyakilina da manifol. A cikinsa akwai faifai siriri na ƙarfe, an saƙala shi a tsagar wata sanda da ta ratsa bututun, an ɗaure da ƙananan sukurori biyu. Sanda ta juya, faifai ya karkata, iska ta wuce. An ɗaga ƙafa, sifirin ya mayar da shi ya rufe. A kai ɗaya na sandar akwai ɗan fulin da kebur ke naɗewa a jikinsa, a ɗaya kan kuma akwai sensar da ke gaya wa kwamfutar injin iya buɗewar faifai.

Ɗan faifan nan ya samu iko ne saboda injin fetur ya fi cin iska a kan mai, nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na fetur yana neman kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. A lissafin lita, litar fetur ɗaya tana buƙatar iska wajen lita 9,000. Injin mai lita 2.7 yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu, don haka a juyi 3,000 cikin minti zai iya zuƙar kusan lita 4,000 idan hanya a buɗe take. Kwamfuta kuma ba ta ba da mai sai gwargwadon iskar da ta shiga. Direba yana zaton mai yake takawa, alhali iska yake buɗe wa hanya.

Yanzu mu bi rabin daƙiƙar nan a hankali, don a cikinta maganar duka take. Lokacin da ƙafa ke sama, faifai a rufe yake, fistin yana ta zuƙa, saboda haka matsin iskar da ke cikin manifol bai wuce sulusin na waje ba. Direba ya taka. Da farko feda za ta cinye duk sako-sakon da ke jikin kebur, kuma har ta gama cinye shi injin bai san an yi komai ba. Sannan faifai ya motsa, iska ta afka ta cika manifol. Iska ba ta da nauyi sosai, nan take take isa. Fetur kuwa ruwa ne, kuma da zarar matsi ya ƙaru a manifol, wani sashe na man da aka fesa yakan kwanta a jikin bango maimakon ya wuce silinda. Sai a samu ɗan lokacin da iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, injin ya shaƙe. Wannan ne jim ɗin da direba ke ji.

Masu ƙera mota sun san da haka, sun kuma yi masa tanadi. A kafireta sun sa ɗan famfo mai tsarto mai duk sa'ad da aka taka. Ka kashe injin, ka cire murfin iyakilina, ka leƙa, wani ya taka feda, za ka ga siririn mai ya fito. In bai fito ba ka gama gano ciwon motarka, robar famfon ce ta mutu ko ramin ya toshe, gyaran da ba ya cin wuni guda. A mota mai nozul kuwa, kwamfuta ce ke lura da saurin motsin sensa, ta ƙara mai na ɗan lokaci. Bayan duk wannan ne wuta za ta kama sosai, ƙarfi ya bi ta kuloci da giya ya tura nauyin da ya kusa tan uku.

Daga nan za a ga cewa jin ƙafa daban, ƙarfi daban. Jin ƙafa shi ne saurin amsawa. Ƙarfi shi ne abin da injin ke iya bayarwa bayan ya amsa, shi kuma yana ga girman silinda, da bawul, da lafiyar ringi. Motar da ke nishi a hawan Falez na Mbe, a kan hanyar Ngaundere, ba maƙogwaro ke damun ta ba. Garwa tana kwance a bakin Binuwai, mita ɗari biyu da wani abu sama da teku, Ngaundere kuwa tana wajen mita 1,100. Iskar can sama ta fi ta Garwa sako-sako da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma injin da ba shi da tabo yakan rasa ƙarfi gwargwadon haka. Zafi ma yana cin nasa rabo. A watan Maris da Afrilu ma'auni yakan haura digiri 40 a Garwa, kuma iskar digiri 40 ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da wajen kashi shida cikin ɗari. Motar da ke da kuzari bayan sallar asuba, ta yi sanyin jiki da azahar, lafiyarta ƙalau.

To me ke kashe jin ƙafa a wannan ƙasa? Ƙura ce kan gaba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana kwaso ta, da yawanta daga kwarin Bodele na Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi ƙwarai. Wadda ta tsere wa iyakilina takan haɗu da tururin baƙin mai da ke shigowa ta tiyon numfashin injin, su zama baƙin danƙo, ya taru daidai bakin faifai, wurin da tazarar da ke tsakaninsa da bango ba ta kai kaurin takarda ba. Sai faifai ya riƙa maƙewa a takun farko. Direba ya danna, shiru, ya ƙara dannawa, mota ta zabura. Silo kuma, wato juyin injin idan ƙafa na sama, ya riƙa faɗuwa a kowace mahaɗa.

Na biyu shi ne mai. Litar fetur a gidan mai a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, kuma duk da Najeriya ta janye tallafi a Mayun 2023, man kwalba da jarka, wato zuwa-zuwa, bai bar bakin titin Garwa ba. Ba duka ne mara kyau ba, amma yana wuni a rana da ƙura, ana juye shi daga wannan mazubi zuwa wancan, matatar mai ce ke shan wahalar. Famfon mota mai nozul ya kamata ya riƙe matsin da ya kai uku a ma'aunin bar ko kusa da haka. In matata ta toshe ko famfo ya gaji, a silo ba za a gane ba, sai an taka kwamfuta ta nemi ƙarin mai, ya ƙi zuwa. Alamar iri ɗaya ce sak da ta maƙogwaro mai datti, shi ya sa ake yawan hukunta wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka aikin yana farawa ne da mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta. A fara da iyakilina: a cire, a ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a canza. Busa ta da iska mai ƙarfi yakan yaga takardar ba a gani ba. A bi babban tiyon iska da hannu, a lanƙwasa shi injin yana aiki, a saurara. Zafin ƙasan kujera yana gasa roba, takan tsage a cikin lanƙwasa, iskar da ba a auna ba ta shiga, mai ya yi kaɗan.

Sai kebur. A Hiace feda tana can gaba, injin yana bayanta ƙarƙashin kujera, don haka kebur ɗin yana da tsawo da kwana-kwana, kuma yana miƙewa da shekaru. A taɓa shi kusa da fuli. In ana iya jan sa da nisa kafin fuli ya motsa, a sassauta notinan biyu da ke riƙe da shi, a rage sakin har ya rage milimita biyu ko uku. Kada a ɗaure tamau. Injin yana jijjiga a kan robobinsa, kebur mai tauri zai riƙa jan faifai da kansa, silo ya hau. Daga nan a kashe injin, yaron mota ya danne feda har ƙasa, makanike ya kama fuli ya gwada ƙara juya shi. In ya ƙara juyawa, to motar ta daɗe ba ta samun cikakken totur, kuma sau da yawa laifin kafet ne da aka ninka ƙarƙashin feda, ko ƙarfen feda da ya lanƙwashe. A ganina wannan dubawa ta minti biyu ta fi duk wani aikin injin sassaƙa amfani, kuma ita ce aka fi tsallakewa, wataƙila don ba ta da kuɗin aiki.

Wanki na biye. A cire kan batir, a kwance maƙogwaron gaba ɗaya, don wanke shi a jiki yana tura dattin cikin manifol. A fesa maganin wanke kafireta a tsumma mai laushi, a goge bango da bakin faifai ta fuska biyu. Ban da sanfefa, ban da burushin waya. Wasu masana'antu suna shafa wani baƙin sinadari a bakin faifai don ya toshe tazara, wanda bai sani ba sai ya ɗauka datti ne ya kankare shi, silo ya tashi ya ƙi sauka. A motoci masu kebur akwai bawul ɗin silo a gefe, mai ba iska ƙaramar hanya lokacin da faifai ke rufe. A kwance shi a wanke har ya riƙa juyawa ba tare da maƙewa ba. Akwai kuma ɗan sukuron da faifai ke tsayawa a kansa, galibi da ɗigon fenti a jiki. Masana'anta ce ta saita shi don kada faifai ya cije bango, ba na ɗaga silo ba ne, a ƙyale shi. A mayar da sabon gasket. Na kwali da ake yankawa a gareji yana fitar da mutum kunya a daji, amma ba ya daɗewa.

Sensar totur ita ce kunnen kwamfuta, in ta kurumce duk sauran gyaran banza ne. A cikinta akwai ɗan hannu da ke gogar wata hanya ta baƙin sinadari. Kwamfuta tana ba ta volt biyar, ita kuma tana mayar da kusan rabin volt idan faifai a rufe yake, ta hau a hankali har wajen volt huɗu idan ya buɗe duka. A sa mita, wadda ke da allura ta fi nuna wannan, a juya fuli sannu sannu. Dole allura ta hau sumul. In ta yi tsalle ko ta faɗi a wani wuri, hanyar ta cinye, kuma kusan kullum a kwatan farko ne, inda ƙafar direba ke wuni. Wanda ke da na'urar karanta kwamfuta zai iya ganin lambobi irin P0121 na sensa, P0505 na silo, ko P0171 mai nuna ƙarancin mai. A ƙarasa da auna matsin famfo, da duba fulogi. Yawancin motocin da aka bi wa wannan layi nan suke warkewa.

Idan duk an yi mai mota bai gamsu ba, akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama kafin a taɓa ƙarfe. A samo agogon auna zuƙa, a haɗa tiyonsa da manifol, a zaro shi zuwa gaban mota. A silo injin mai lafiya zai nuna wajen santimita 45 zuwa 50 na ma'aunin. A fita hanya da lodi, a sa giya ta uku, a danne feda har ƙasa. In allura ta faɗi kusan sifili, ma'anarta manifol ya cika maƙil da iska daidai da ta waje, ba sauran wurin ƙari. A juyi 2,000 zuwa 3,000, inda motar haya ke rayuwa, haka za a gani a kusan kowane injin da ba a taɓa ba, domin masana'anta ta auna ramin ne don buƙatar injin a wajen juyi 5,000. Mai zuba zuwa-zuwa ya san wannan: komai faɗin bakin mazurari, wuyan tanki ne ke yanke saurin shigar mai. A nan ma bawul da silinda ne ke yankewa.

Da wannan sani a hannu sai a dubi gyare-gyaren da ake yi, a ga abin da kowanne ke bayarwa. Mafi sauƙi shi ne canza fuli. Na asali sau da yawa ba zagayayye ba ne, an yi shi da faɗi a farkon juyi don faifai ya fara buɗewa a hankali. In aka sa ƙarami, taku kaɗan zai buɗe faifai da yawa, mota ta ji kamar ta ƙara zafi. Ba ta ƙara ba, tafiyar feda ce ta gajarta. A kwalta mai kyau wasu direbobi suna son haka. A hanyar Poli ko ta Gashiga, inda ƙafa ke rawa da kowane rami, mota za ta riƙa fizga, kuloci ya riƙa ƙonewa a tashi, da damina kuma tayar baya ta riƙa zamewa a taɓo. Wanda ya yi wannan gyara ya sa wa feda matsaya a ƙasa, in ba haka ba faifai zai gama buɗewa ƙafa tana ci gaba da ja, kebur ya tsinke.

Na gaba shi ne rage kaurin sanda. A ce rami milimita 55 ne, faɗin bakinsa zai kai murabba'in milimita 2,376. Sanda mai kaurin milimita 10 tana tare wajen 550 daga ciki, kusan kwata ke nan, ko da faifai ya buɗe duka. Sai a goge gefe ɗaya na sandar a bar ɗayan, a sa sukurori masu kwantaccen kai, wasu har su fiƙe bakin faifai. A lissafi ana samun ƙarin hanya wajen kashi goma cikin ɗari. Masu tseren mota suna yi, kuma yana musu amfani, don su a ƙololuwar juyi suke wuni. Haɗarin yana ga sukurorin nan biyu. Masana'anta tana dandaƙe wutsiyarsu bayan ta ɗaure don kada su taɓa kwancewa. Dole a goge wutsiyar kafin a fitar da su, a sa sababbi da gam ɗin ɗaure zare, a sake dandaƙewa. Sukuron da ya kwance hanya ɗaya gare shi, ta bawul zuwa kan fistin, a yi neman gira a rasa ido.

Faɗaɗa rami, wanda shi aka fi ambata a tasha, shi ne mafi wuyar yi daidai. Sassaƙa bututun a injin juya ƙarfe ba matsala ba ce, daga milimita 55 zuwa 58 faɗi ya ƙaru da kashi 11 cikin ɗari. Matsalar sabon faifai ce. Faifai ba ya rufewa a miƙe, yana tsayawa ne a ɗan karkace, saboda haka ba cikakken da'ira ba ne, yana da ɗan tsawo ta gefe ɗaya, bakinsa kuma a zame. Wanda ya yanko zagayayye da hannu zai samu ɗayan biyu: ko ya bar tazara injin ya riƙa ihu a silo, ko ya cije bango idan alminiyom ya ɗauki zafi. Akwai kuma ƙananan ramuka a bango daf da bakin faifai, masu ba wasu na'urori zuƙa a daidai lokacin da aka fara takawa, sassaƙa tana ɓata mazauninsu. Sannan in ba a faɗaɗa bakin manifol ya yi daidai ba, iska tana cin karo da tudu. Bayan duk wannan wahala, abin da direba zai ji shi ne mota tana amsawa da ƙaramin taku, wato abin da da zai samu kyauta in ya ƙara danna ƙafa kaɗan. Ɗauko na babbar mota daga masu tsofaffin kayan gyara ma haka ne, ga ƙarin rigimar soket da bawul ɗin silo da ba su dace da kwamfuta ba.

Akwai ƙananan tiyo biyu da ke kai ruwan lagireto jikin maƙogwaro, don kada ƙanƙara ta kama faifai a ƙasashen sanyi. Ba wanda ya taɓa jin tsoron ƙanƙara a Garwa, shi ya sa makanikai ke haɗe su a kewaye. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, don iska tana ratsa wurin cikin ƙiftawar ido. A wasu injinan Toyota kuma ruwan nan ne ke ɗuma bawul ɗin silo ya san injin ya yi zafi, in an yanke masa sai ya ci gaba da ɗaga silo kamar da sassafe. Zoben ƙarfe mai zane da ake cusawa bayan maƙogwaro wai don ya juya iska, kuɗi ne kawai yake ci. Cire iyakilina ko sa ta soso mai manyan ramuka kuwa, mota za ta yi gurnani mai daɗin ji, hunturu ɗaya ya cinye ringi.

Masu Homa labarinsu daban ne. A jikin feda akwai sensa biyu, a maƙogwaro akwai wasu biyu, da ɗan injin lantarki mai juya faifai ta haƙora. Kwamfuta tana kwatanta su kowane lokaci. In suka saɓa ta rubuta lamba irin P2135, ta yanke wa ɗan injin wuta, sifirin ya ajiye faifai a ɗan buɗe, mota ta rarrafa gida. Ɗan jinkirin da ake ji a irin wannan mota da gangan aka sa shi, don rage shan mai da hayaƙi da fizga. Wanki yana mata amfani kamar sauran, amma a cire batir tukuna, don faifan yana iya datse yatsa, kada kuma a fesa magani ta ɓangaren haƙoran, kada a tura faifai da ƙarfi. Bayan wanki silo yakan hau, saboda kwamfuta ta saba buɗe faifai da yawa don datti. A bar injin ya yi zafi a tsaye, ba fitila ba iyakwandishan, a yi 'yar tafiya, zai sauka wajen juyi 700. Sassaƙa irin wannan maƙogwaro ban ga dalilinsa ba, kwamfuta tana lissafi ne da girman ramin da ta sani.

Akwatin da ake saƙalawa a soket ɗin feda, mai maɓallan zaɓi, aikin ƙaramin fuli yake yi ta hanyar lantarki: direba ya taka kwata, ya gaya wa kwamfuta rabi. Ba ya ƙara doki ko ɗaya. In mai arha ne, ko an yanke waya an murɗa da hannu, sensa biyun za su saɓa, mota ta rasa ƙarfi a tsakiyar wuce tirela. Maƙalewar totur ba abin wasa ba ne ko ga masana'anta. A ƙarshen 2009 Toyota ta janye motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka saboda kafet da ke kama feda, a Janairun 2010 ta ƙara miliyan 2.3 saboda feda mai maƙewa, kuma binciken da injiniyoyin NASA suka kammala a Fabrairun 2011 bai samu laifi a ɓangaren lantarki ba. Kafet da 'yar robar cikin feda ne suka jawo janye motocin.

Duk gyaran da aka yi, kafin fasinja ya shiga a gwada dawowar faifai. Injin a kashe, a taka a saki sau da yawa, a hankali da kuma da sauri, a ji ƙarar bugunsa a kan matsaya kowane karo. A maimaita bayan injin ya yi zafi sosai, don a lokacin ne ƙarfe ke motsi. A mayar da kujera a zauna a kai a sake gwadawa, murfin injin yakan danne kebur da aka bi da shi ba daidai ba. Direba kuma ya riƙe abin yi in totur ya maƙale a hanya: kuloci ƙasa, giya a firi, burki, a sauka gefe, sannan a kashe injin ba tare da zare makulli ba, don kada sitiyari ya kulle.

Saura auna riba, kuma kunne ba ya auna ta, don mota mai ƙara kullum tana kama da mai gudu. A zaɓi miƙaƙƙen wuri a hanyar Pitowa ranar da ba ta kasuwa ba, wato ban da Lahadi. A giya ta uku, daga gudun kilomita 30 zuwa 60, feda a ƙasa, wanda ke gefe ya riƙe agogon waya. A yi kafin gyara, a yi bayan gyara, da lodi ɗaya, a sa'a ɗaya ta wuni, zuwa da dawowa don iska da gangara su soke juna. A cika tanki a rubuta kilomita na mako guda, a kwatanta da makon baya. Tsohon fuli da tsohon maƙogwaro a naɗe su a tsumma a ajiye ƙarƙashin kujera har sai lissafin mai na makon ya fito.